Mudun Saye da Mudun Sayarwa

Makon jiya ɗaya daga cikinku, ku ɗaliban koyarwa da aka turo mana gwajin aiki, ya same ni a ofishin malamai ina fama da takardun 'yan aji biyar. Ya tsaya a kaina ya ce, "Baba, firojet ɗin lissafi ne yake ba ka wahala haka? Ba ni nan, kafin a tashi makaranta na gama maka guda goma." Ya ɗaga wayarsa yana murmushi. Ban tanka masa ba, don in da na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba maganar malami ba ce. Amma tunda saura mini wata huɗu in ajiye alli, bari in rubuta muku yadda aikin nan yake, da yadda na kashe karatun wata yarinya da shi, alhali ban karya ko ƙa'ida ɗaya ba.

Ga wanda bai sani ba, a makarantarmu da ke nan Kafanchan kowane ɗan aji biyar na sakandare sai ya yi aikin bincike a lissafi. Zai ɗauki tambaya daga abin da yake gani kullum, ya fita ya auna da hannunsa, ya jera lambobin a tebur, ya zana giraf, ya rubuta abin da ya gano. Malami ya duba ya ba da maki. Waɗanda suka fi kyau a aika wa alƙalan shiyya su sake dubawa. A baki ke nan. A aikace wata uku ne na rana da ƙura da rigima da iyaye.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Mista Nnadi, ɗan Ibo haifaffen kwatas ɗin 'yan reluwe, wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi, ni da na tashi da yaren gida a baki. Shekarata ta farko ya ba ni yara biyar in kula da su. Ɗaya ya rubuta a kan tsawon tankin ruwan makaranta, yadda za a gano shi daga inuwarsa ba tare da an hau ba. Rubutu tsaf, zane tsaf. Na kai wa Mista Nnadi ina jiran yabo. Ya buɗe shafi na huɗu, ya ɗora yatsa a kan wata lamba, ya ce, "Malam Ishaya, wa ya haifi wannan?"

Na ce, "Yaron ne ya auna, Sa."

"Ka gan shi yana aunawa?"

Ban gani ba. Ya miƙa mini tef ya ce in je. Na tsaya a rana tsaka ina bin inuwar tanki, yara suna leƙe ta taga suna dariyar sabon malami. Abin da na samu ko kusa bai yi da na yaron ba. Ashe daga misalin littafi ya kwaso lambarsa, ya canja sunan hasumiya ya sa tanki. A ranar nan Mista Nnadi ya kafa mini dokar da na riƙe shekara ashirin da bakwai: kowace lamba sai da uba. Wa ya auna, a ina, yaushe, da me, kuma kayan wa aka auna. A ƙarshen kowane firojet akwai shafin da muke kira shafin shaida, inda ake rubuta sunayen nan duka, yadda duk mai shakka zai iya tashi ya je ya tambaya.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Tef na tela ba ya shiga ajina, don yana miƙewa da tsufa, sai ka auna allo bara ka auna bana ka ga allon ya rame. Na ƙarfe irin na magina nake saya. Igiya in ta sha raɓa tsawonta ya canja. Sikeli mai ƙugiya, irin na masu sayen citta, kafin ya taɓa komai sai an rataya masa ruwa lita ɗaya a leda, in bai nuna kilo ɗaya ba a gyara shi ko a ajiye. Takardar giraf ni nake saye in yanka gida biyu, don in ka ba yaro guda sukutum rabi zai tafi a jirgin sama na takarda. Sai littafin fili, wanda ake rubutu a ciki da biro a wurin awon. Ba a gogewa. In ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai yadda zan iya karanta abin da ke ƙasa. Yaron da ya kawo mini littafin fili fes babu datti, na san a kan gadonsa ya yi awon.

Na tuna wani yaro daga wajen Fadan Kaje da ya so ya gano ɗanyar citta nawa ke zama busasshiya nawa. Ya tsaga, ya auna, ya shanya a kan dutse, kullum da yamma ya sake aunawa. Giraf yana sauka a hankali yadda ya kamata, sai rana ta shida ya faɗo ƙasa gaba ɗaya. Muka yi kwana biyu muna neman dalili, har na fara zargin sikelina. Ashe kakarsa ce ta ɗiba ta yi kunu. Na ce ya rubuta haka. Ya rubuta, da sunan kakar a shafin shaida, kuma na ba shi maki mai kyau. Wata kuma ta bi kawunta mai acaba a Kauru tana son sanin nisan da litar mai ke kai shi da kaya da kuma babu kaya. Agogon babur ɗin ya mutu tun kafin a haife ta, kawun kuma duk nisan da ka tambaye shi sai ya ce "nan kusa ne". Sai da muka auna zagayen tayar, muka ɗaura mata jan ƙyalle, muka ƙirga juyinta a filin ƙwallo, sannan aikin ya tsaya da ƙafarsa.

Masu cinikinka a wannan sana'a uku ne, kuma babu mai son abin da kake sayarwa. Iyaye maki suke so. Uba zai zo da zakara a hammata ya ce, "Malam, ka duba yaron ka da ido na rahama." Shugaban makaranta bangon littafi mai ƙyalli yake so, da tambarin makaranta babba a gaba. Alƙalan shiyya kuwa, da yawansu bango da giraf kawai suke kallo, don an tara musu ɗari biyu a yini ɗaya. Kai kaɗai ne za ka karanta shafi na tara. In ka ga malami ya daɗe a wannan aiki bai zama mai faɗa ba, to ya daina karantawa ne.

Yanzu ga shekarar da nake son ku ji. Ita ce shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa, kowa a yankin nan ya san ta. Akwai yarinya a ajina, Rifkatu, shekara goma sha shida, mai shiru-shiru, wadda in na yi kuskure a allo ba ta ɗaga hannu, sai dai in ga ta daina rubutu tana kallona. Gonar cittar babanta ta tafi duka. Abin da ya riƙe gidan da karatunta shi ne teburin mamarta, Ladi, a layin 'yan awo na wata kasuwa da ba zan ambata ba, inda take sayen masara da dawa a hannun manoma tana sayar wa mutanen gari. In teburin nan ya tsaya, Rifkatu za ta gama sakandare. In ya faɗi, shi ke nan.

Tambayar da ta ɗauka ƙarama ce: mudun masara kilo nawa ne? Na ma so in hana, na ga abin ya yi sauƙi ga mai kai irin nata. Bayan kwana huɗu ta zo da littafin fili ta ce, "Sa, mudu ba ɗaya ba ne."

Na ce, "Sake aunawa."

"Na sake, Sa. Mama na yana da biyu. Ɗaya na saye, ɗaya na sayarwa."

Ku da kuka tashi a birni bari in yi muku bayani. Mudun saye an doki gindinsa daga ciki da taɓarya har ya yi tulu waje, yana cin hatsi da yawa. Na sayarwa an doke shi daga waje, gindin ya shiga ciki. Da ido ba ka gane su sai ka kifa. Ni ma na san da haka tun ina yaro ina bin uwata kasuwa, manomi ya sani, mai saye ya sani, kowa ya sani. Abin da ba wanda ya taɓa yi shi ne ya zauna ya auna bambancin ya rubuta. Da na gane abin da ke hannun yarinyar nan sai na ji wani daɗi da na daɗe ban ji ba. Na ga firojet da zai tsallake shiyya. Ban ga komai bayan wannan ba.

Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ladi da kanta ta riƙo hannun 'yarta tana bi da ita tebur tebur tana cewa, "Ku ba shi mudu, aikin makaranta ne, yarinyan zai zama injiniya." Matan suka ba ta suna dariya, har da na ƙarƙashin tebur, don 'yar gida ce, a gabansu ta girma. Mata goma sha biyu, mudu ashirin da uku, don wata tsohuwa ɗaya kawai gare ta. Kowane mudu Rifkatu ta fara cika shi da ruwa ta juye a kwalbar awo da na aro daga ɗakin gwaji, don a san cikinsa. Sannan ta cika da masara iri ɗaya, daga buhu ɗaya, ta shafe bakin da rula ta auna a sikeli, ta sake yi da tozo yadda ake yi a kasuwa. Da ta sa ɗige-ɗigen a takardar giraf sai suka rabu gida biyu da kansu, na saye a sama, na sayarwa a ƙasa, fili fetal a tsakani. Bambancin ya kai gwangwanin madara ɗaya da rabi. Ko wanda bai san lissafi ba ya kalli zanen nan zai gane.

Da muka zo shafin shaida sai ta tsaya. Ta ce, "Sa, in sa sunan su?"

Na ce, "Lamba ba uba?"

"Zan iya sa A, B, C. Ni da kai mun san su waye."

"Alƙali zai je kasuwa ya ce ina Madam B? Ki sa suna, da layin da take zama. In babu suna, babu maki."

Ta yi shiru, irin shirun da take yi in na yi kuskure a allo. Na gan shi sarai, na kuma ɗauka tsoro ne na yara. Yarinya 'yar shekara goma sha shida ta kawo mini maganin matsalar tun kafin ta auku, ni kuma da furfurata na ture. Ta rubuta sunayen goma sha biyu. Na mamarta ne na farko, don daga teburinta aka fara.

Muka buga, muka yi bango, muka aika wa alƙalan shiyya kwafi ɗaya. Da abin ya tsaya nan, da ya kwanta a kabad ɗin wani ofis ɓeraye sun cinye. Amma shugaban makarantarmu ya gani ya yi murna. Taron iyaye da malamai yana tafe, yana son abin nunawa. Ya sa aka kwafe teburin da giraf ɗin a babban kwali da manyan haruffa aka manna a ƙofar zauren taro, har da sunayen. An tambaye ni kafin a yi. Na ce a sa.

Ranar taron ina tsaye kusa da kwalin kamar wanda ya ci kofi. Wani uba manomi ya tsaya yana bin layukan da yatsa, yana motsa leɓe. Ya kai kan sunan matar da yake kai wa masararsa shekara da shekaru. Ya juyo ya ce mini, "Malam, wannan gaskiya ne?" Na ce an auna a gabana. Ya ciro waya ya ɗauki hoto. Kafin a rufe taro da addu'a hoton ya zaga gari.

Ku tuna wace shekara ce. Mutane sun yi asarar citta, masarar da ta rage ita ce rayuwarsu, zuciya a kusa take. Abin da manomi ya haƙura da shi shekara talatin, yanzu ga shi a rubuce da lamba da suna. Ranar kasuwa manoma suka zo da nasu mudun. Aka yi cacar baki, aka kifar da wani tebur. Wasu ma'aikatan gwamnati suka zo suka kwashe mudun matan nan goma sha biyu, su kaɗai, a kasuwar da 'yan awo sun fi sittin, don su ne sunansu ke takarda. Ranar Lahadi wani mai wa'azi ya ɗauki ma'aunin zalunci ya yi awa guda a kai. Bai kira suna ba, amma Ladi tana zaune a layin zumuntar mata da ɗankwalinsu iri ɗaya, kuma duk majami'ar ta san inda za ta kalla.

'Yan awo suka yi taro a kan Ladi. Ba wanda ya taɓa ta. Sun dai ce ta ɗauke teburinta. Da na ji, na sa rigata ta zuwa coci na tafi in roƙa. Na same su a rumfar shugabarsu, Hajiya Balaraba, dattijuwa wadda kakanninta ma a kasuwar nan suka yi awo. Musulmi da Kirista suna zaune a benci ɗaya, bakinsu ɗaya, abin da na daɗe ina addu'ar gani a garin nan, sai ga shi na gan shi a kaina. Na ce laifina ne, ni na tilasta wa yarinyar, a hukunta ni a bar Ladi.

Hajiya ta bari na gama. Ta ce, "Malam, kai mai lissafi ne, to lissafa mini. Masarar da manomi yake kawowa da danshinta take zuwa, da ƙaiƙayi, da tsakuwa. In na shanya na sheƙe, ta ragu ko ba ta ragu ba?"

Na ce ta ragu.

"Ka sa a takardarka?"

Ban sa ba.

"Buhun da ƙwaro ya ci, ka sa? Ɗan dako da mota, ka sa? Tsakanin farashin da muke saye da wanda muke sayarwa ba wani abin kirki, in mun ƙara a baki gari ya ce mun yi tsada. Abincinmu a gindin mudun nan yake, manomi ya sani, shi ya sa yake cusa mana danshi. Haka muke zaune da su tun kafin a haife ka. Kai ka auna rabi ka manna a bango ka ce ɓarayi."

Na ce ban rubuta ɓarayi ba, lamba kawai muka rubuta.

Wata daga baya, 'yar cocinmu ce ma, ta ce, "Lamban ne ya ce ɓarayi, Malam. Yaro na ya dawo daga makaranta yana kuka."

Ban ce duk abin da Hajiya ta faɗa daidai ne ba. Akwai mudun da aka doka fiye da kima, ita ma ta sani. Amma a matsayina na malamin lissafi, a rumfar nan aka duba aikina aka ga ramin da alƙalan shiyya ba za su taɓa gani ba: mun auna mudu, ba mu auna masarar da ke shiga da wadda ke fita ba. Na ce a ba ni dama mu sake binciken, mu sa danshi da ƙaiƙayi, in manna sabon a inda na manna tsohon. Suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Hajiya ta ce, "Wa zai sake ba ka mudu?" Game da Ladi kuwa ta ce ba don mudu biyu aka kore ta ba, kowa yana da biyu. Don ita ta riƙo hannun yarinyar ta ce a amince.

Daga nan na wuce gidansu. Na tarar Ladi tana ɗaure kaya, teburin yana jingine da bango ƙafafu sama. Na fara ba da haƙuri ta katse ni. Ta ce, "Malam, ni ban yi makaranta ba. Na ɗauka abin da malami ya ce yaro ya yi, ba zai cuce shi ba. Shi ke nan abin da na sani." Ba ta ɗaga murya ba, ta ma kawo mini ruwa. Rifkatu tana ɗaki, ba ta fito ba. Ƙarshen watan suka koma ƙauyen babanta. Na ji ta shiga wata makaranta can ta yi zango ɗaya, sannan hawan jini ya kwantar da Ladi, Rifkatu ce babba, ta bar karatun.

Na je wurin Mista Nnadi, lokacin ya tsufa ƙwarai, idonsa ya kusa tafiya. Na kwashe duka na gaya masa, ina jin haushinsa a raina kamar shi ya aike ni. Ya ce, "Ishaya, ni tanki na sa ka auna, da layin dogo. Tanki ba ya zuwa coci." Ya ce da na zo na tambaye shi. Wataƙila da ya ce a sa A da B, wataƙila kuma da ya ce a sa suna, don shi ma taurin kai gare shi. Bai kai Kirsimeti ba ya rasu.

Sakamakon shiyya ya iso bayan wata biyu. Firojet ɗin Rifkatu ne na ɗaya, maki casa'in da huɗu, mafi yawa da wani ɗalibina ya taɓa samu. Ɗaya daga alƙalan ya rubuta da jan biro cewa shafin shaidar abin koyi ne. Shugaban makaranta, wanda ya riga ya sa an yage kwalin, ya ce kada a sanar a taron safe, kada a tayar da maganar. Na sa takardar sakamakon a aljihun teburina. Na sha cewa Asabar mai zuwa zan hau mota in kai mata. Kunya ta hana ni, ba wani abu ba.

Tun daga lokacin na daina tambayar wa ya haifi lamba. Ga gaskiyar da ɗan'uwanku mai waya bai sani ba: ya riga ya ci nasara tun kafin ya zo. Yara suna kawo mini firojet da waya ta rubuta, ko wanda aka saya a shagon buga takardu aka canja suna a bango. Bana na karanta bincike uku a kan cunkoson motoci a mahaɗar da ko fitilar hanya babu, lambobinsu iri ɗaya har da kuskuren. Na sani, sun san na sani, ina sa maki in wuce. In na matsa su fita su auna, sai su auno mutane, don a nan duk abin da ya isa a auna na wani ne: gonar wani, buhun wani, randar wani. Ba ni da sauran ƙarfin zuciyar da zan tura ɗan wani. In kuma ba su fita ba, to ba lissafi muke koyarwa ba, kwafi ne da bango mai ƙyalli. Na rasa hanya ta uku, kuma ban ga alamar ku kuna nemanta ba. In akwai mai nema a cikinku, abu ɗaya zan iya ba shi: kafin yaro ya rubuta sunan kowa, ka je da ƙafarka ka karanta wa mutumin abin da aka rubuta, ka tambaye shi me aka manta. In yaro ya yi shiru yana kallonka, ka tsaya ka tambaye shi dalili.

Watan jiya na je jana'izar wani abokin aiki a wajen Kauru. A hanyar dawowa motarmu ta tsaya a wata kasuwar mako, matata ta ce in sayo masara in na ga mai sauƙi. Na shiga layin 'yan awo ina taɓa hatsi, sai na ji an ce, "Sa." Shekara nawa ana kirana haka, amma na gane muryar kafin in juya. Rifkatu ce a bayan tebur, da zani ɗaure a ƙugu da jakar kuɗi a gaba, ta yi baƙi ta rame. Ta zagayo ta rusuna ta gaishe ni yadda ake gaida malami. Na tambayi mamarta, ta ce da sauƙi, tana iya zama yanzu. Na tambayi makaranta, ta ce, "Sai a hankali, Sa." Sai na ce a ba ni mudu biyar.

Mudu yana kan masarar a gabanta. Ba ta ɗauke shi ba. Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta ciro ɗayan, mai tulun gindi, ta fara auna mini da shi. Na ce, "Rifkatu, ki auna mini da wanda kike auna wa kowa."

Ta ce, "A'a, Sa. Ba a auna wa malami da na sayarwa."

Na tsaya riƙe da bakin buhu tana zubawa, ɗaya, biyu, har biyar, kowanne da tozo. Da zagina ta yi a gaban kasuwar nan da ya fi mini sauƙi. Ta ɗaure buhun ta miƙo mini, sannan ta ce, kamar abin ya faɗo mata ne yanzu, "Sa, wancan firojet ɗin, an duba kuwa? Nawa na ci?"

Na ce, "Casa'in da huɗu. Ke ce ta ɗaya a shiyya."

Ta kalli masarar. Ta ce, "Ashe na yi ƙoƙari."

Wata mata ta matso da kwano tana tambayar nawa mudu. Rifkatu ta mayar da na saye ƙarƙashin tebur, ta ɗauki ɗayan, ta ce, "Mama, guda nawa za a auna?"